Labarin Tudu da Fadama, da Hanyar da Ruwa Ya Ke Bi

Zuwa ga manoma da masu gari na ƙasar Argungu da ƙasar Gwandu. 

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa lura da wannan al'amari? Wani lokaci a cikin watan Satumba a kan kwana uku ko huɗu ba a yi ko yayyafi ba a Argungu, sama ta yi tas, ba alamar hadari. Amma in mutum ya gangara fadama da sassafe, sai ya tarar gulbi ya hau taƙi guda. Kashegari ya hau kamu guda. Kafin kasuwa ta kewayo, ruwa ya haɗiye shinkafar da aka yi wata uku ana wahalarta, watakila ma ya taɓa gindin rumbu. Sai ka ji mutane suna cewa, "Ina wannan ruwa ya fito, ga shi kuwa ba a yi ruwan sama ba?"

Amsar wannan tambaya ita ce dalilin rubuta wannan takarda. An yi ruwan sama mana, amma can a kan tuddan Katsina da na Zamfara aka yi shi, tun kwanaki da suka wuce, ya biyo gangare yana neman kwari, har ya zo ya same ka. Wanda ya san yadda ƙasa ta ke kwance, inda ta yi tozo da inda ta yi kwari, ya san inda ruwa zai bi tun bai zo ba. Wanda bai sani ba kuwa, kullum ba-zata ruwa zai yi masa. Saboda haka ba mu hankalinka, mu fara daga nesa mu zo kusa, har mu iso bakin gonarka.

SIFFAR DUNIYA

Duniyan nan da mu ke zaune a kanta dunƙulalliya ce kamar lemo. In mutum zai kewaye ta ta tsakiya, sai ya yi tafiyar wajen mil 25,000, watau kilomita 40,000. Ka san tsakanin Argungu da Birnin Kebbi wajen mil 30 ne. To, kewayen duniya ya fi wannan sau 800.

In an raba fuskar duniya kashi 100, kashi 71 ruwa ne, kashi 29 kaɗai ne busasshiyar ƙasa. Manyan ruwayen nan su ne tekuna. Babbansu shi ne Pasifik, wanda ya fi kusa da mu kuwa shi ne Tekun Atlantika, wanda Ikko ta ke bakinsa. Busasshiyar ƙasa ta rabu manyan yankuna bakwai, mu muna cikin wanda a ke kira Afirka.

Kada yawan ruwan nan ya ruɗe ka. Mu ƙaddara an ɗura ruwan duniya duka a garwa 100. Garwa 97 da ɗoriya ruwan gishiri ne, ba a sha, ba a ban ruwa da shi. Kusan garwa 2 ƙanƙara ce, tana can daskare a ƙarshen duniya na arewa da na kudu, da kan manyan duwatsu. Ruwan daɗi da ke ɓoye a ƙarƙashin ƙasa bai cika garwa ɗaya ba. Ruwan koguna da na tafkunan daɗi kuwa, in an haɗa shi duka, ba zai cika moɗa ɗaya ba. Daga cikin wannan 'yar moɗa Gulbin Kabi ya ke samun rabonsa.

Busasshiyar ƙasa kuma ba a shimfiɗe ta ke bai ɗaya kamar tabarma ba. Akwai dutse da tsauni, akwai tudu mai faɗin kai, akwai fili, akwai kwari da kwazazzabo. Masu awon ƙasa daga fuskar teku su ke auna tsawon ko wane wuri. Dutsen da ya fi ko wanne tsawo shi ne Ebares, a ƙasar Asiya, ya wuce ƙafa 29,000. A Afirka Kilimanjaro ne, ya wuce ƙafa 19,000. A Nijeriya kuwa Chappal Waddi ne, cikin Jihar Taraba, ya kusa ƙafa 8,000. Amma awon da ya shafe ka, ya kai manomin fadama, ga shi: ƙasar Funtuwa ta ɗara fuskar teku da fiye da ƙafa 2,000, Birnin Kebbi kuwa da wajen ƙafa 700 kaɗai. Riƙe waɗannan biyu a ranka, gama ruwa ba ya hawan tudu.

YADDA RUWA YA KE KEWAYAWA

Ka taɓa buɗe tukunya tana tafasa, ka ga gumi ya taru a cikin murfi yana ɗiga? Haka sha'anin ruwan sama ya ke. Rana ta kan bugi teku, tururi ya tashi sama, can ya sami sanyi ya zama gajimare. Daga bazara iska ta kan juyo daga kudu maso yamma, watau daga wajen Atlantika, ta ɗauko laimar nan ta kawo mana. Da kaka ta wuce sai iskar arewa maso gabas ta karɓe, wadda ta fito daga Hamada ba laima a cikinta, ita ce iskar hunturu. Domin muna nesa da teku, daminarmu gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, ƙarfinta kuwa a Agusta ya ke. A Birnin Kebbi ruwan da a kan samu a shekara wajen inci 30 ne, wata shekara ya ɗara, wata ya kasa. Yawuri ta fi haka samu, Sakkwato ba ta kai ba.

Kada ka raina inci guda. In an yi ruwan inci ɗaya a kan gona mai eka ɗaya, ruwan da ya zuba ya fi garwa 5,000. To, ka ƙiyasta abin da zai zuba a kan ƙasar Zamfara duka a dare ɗaya na Agusta.

Ruwan da ya sauka ya kan kasu uku. Wani ya koma sama ta zafin rana da ta ganyen itatuwa da tsiro. Wani ya nutse cikin ƙasa, shi ne ruwan rijiya da na marmaro. Wani kuma ya gudu a bisa ƙasa, ya shiga ƙorama, ƙorama ta kai shi rafi, rafi ya kai shi gulbi, gulbi ya kai shi kogi, kogi ya mai da shi teku inda ya fito. Dabarar manomi duka ita ce ya yawaita kashi na biyu, ya rage saurin na uku.

HANYAR GULBINMU

Gulbin da ya ratsa Argungu da Birnin Kebbi, wanda waɗansu ke kira Rima, waɗansu Gulbin Kabi, ruwan ƙasashe da yawa ne ya taru a cikinsa.

Na fari, Gulbin Sakkwato. Mafarinsa kusa da Funtuwa ya ke, a Jihar Katsina. Daga can ya yi arewa maso yamma, ya wuce Gusau, ya wuce kusa da Talatar Mafara, ya nufi birnin Sakkwato.

Na biyu, Gulbin Rima. Ruwan Bunsuru da na Gagare ne suka haɗu suka haife shi. Akwai kuma Gulbin Maradi, wanda ya faro daga ƙasar Katsina, ya ƙetare iyaka ya shiga Nijar, ya wuce Maradi, ya komo Nijeriya ya zuba cikin Rima. Ka ga ruwa bai san iyakar ƙasa ba. Rima ya bi ta Goronyo da Wurno, ya gamu da Gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato.

Da suka haɗu sai suka karkata kudu maso yamma, suka wuce Augie da Argungu da Birnin Kebbi. Can gaba wajen Bunza, Gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Gummi da Jega, ya shigo. Gaba kuma Gulbin Ka ya shigo, sa'an nan duka su zuba cikin Kwara.

Yanzu ka ga dalilin abin da muka fara da shi. Fadamarka ita ce mazurarin wannan ƙasa duka. Ruwan da aka yi a Gusau ko a Kaura Namoda sai ya yi kwanaki a hanya kafin ya iso Argungu. Saboda haka in ka ji matafiya ko rediyo suna ba da labarin an kwana ana ruwa a gabas, kada ka dubi samanka ka ce lafiya lau. Baƙo yana hanya.

Kogin Kwara, wanda a ke kira Neja, ya fi ba da mamaki a kan wannan. Mafarinsa a duwatsun ƙasar Gini ya ke, wajen mil 150 kaɗai daga teku, amma domin gangaren ƙasa ya juya wa teku baya, sai ya yi tafiyar wajen mil 2,600 kafin ya isa. Ya bi ta Bamako, ya wuce kusa da Tambutu, ya biyo ta Gao da Yamai da Gaya, ya shigo Nijeriya, ya wuce Yawuri da Jebba, ya gamu da Binuwai a Lokoja. A wajen Yawuri sau biyu ya ke cika a shekara. Cikar fari da damina ce, ruwan gurɓatacce ne mai laka, ana kiransa farin ruwa. Cika ta biyu kuwa da ɗari ta ke zuwa, wajen Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ba ko ɗigo a sama, ana kiransa baƙin ruwa. Wannan ruwan daminar Gini ne, ya yi watanni yana ratsa manyan fadamun ƙasar Mali, ya sauke lakarsa can, ya iso a tace.

Kwara tana da hannu a cikin sha'aninka ta wata fuska kuma. In ta cika maƙil a lokacin da Rima ya kawo nasa, ruwan Rima ba ya samun ƙofar fita da sauri, sai ya tsaya ya daɗe a fadamun kudu.

ƘASAR DA MU KE TAKAWA

In ka yi tafiya gabas, wajen Gusau da Kwatarkwashi, ko kudu wajen Zuru, za ka ga manyan duwatsu masu santsi. Ƙarƙashin ƙasar can irin wannan dutse ne mai tauri, ba ya shan ruwa. Shi ya sa rafukan can su kan cika farat ɗaya bayan ruwan sama, da rani kuma su ƙafe su bar yashi.

Tamu ƙasa dabam ta ke. A zamanin da can, fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce, wani hannun teku ya taɓa rufe wannan yanki. Shaidarsa tana nan: farin dutsen da a ke haƙa a Kalambaina, kusa da Sakkwato, ana yin siminti da shi, akwai ɓawon halittun teku a cikinsa. Bayan teku ya janye, koguna da tafkuna na wancan zamani suka yi ta jibge yashi da yumɓu, shimfiɗa a kan shimfiɗa. Masanan duwatsu sunan Gwandu suka sa wa waɗannan shimfiɗu. 'Yan tsaunukan nan masu faɗin kai da ka ke gani a ƙasarmu ragowarsu ne: marmara ce ta rufe kansu kamar hula, ta hana ruwa cinye su, shi kuwa ya cinye abin da ke kewaye da su.

Amfanin wannan a gare ka babba ne. Shimfiɗar yashi tana shan ruwa kamar soso, shimfiɗar yumɓu kuwa tana tare shi. Ruwan da tudu ya sha da damina ya kan yi ta tsattsafowa a hankali zuwa kwari, shi ya sa gulbi a wajenmu ya kan riƙe ruwa da rani, alhali can gabas ya ƙafe. A waɗansu wurare na kwarin nan, inda yumɓu ya danne ruwan da ke cikin yashi, in an huda rijiyar burtsatse mai zurfi ruwa da kansa ya kan hau. A cikin fadama kuwa ruwa yana kusa, shi ya sa kakanninmu suka yi lambu da jigo, manoman yanzu kuma su ke kafa 'yar rijiyar bututu su ja da inji su yi noman rani. Gaskiyar masu iya magana, ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Amma ka tuna, ruwan nan ajiyar damina ce. Abin da tudu bai sha ba, rijiya ba za ta ba ka ba.

SIFFAR FADAMA

Tsaya a bakin gari, ko a Argungu ko a Birnin Kebbi, ka dubi kwari. Da fari ka lura da inda magabata suka kafa garuruwan nan biyu: a kan tudu, daidai gefen fadama, ruwa yana kusa da su amma ba ya kwana a ɗakinsu. Sun karanta ƙasa tun ba a kawo takarda ba.

Fadamar tana da faɗi, akwai inda ta kai mil 4 ko 5. Mai kallo daga nesa sai ya ce shimfiɗe ta ke, amma ba haka ba ne, bambancin kamu ɗaya kuwa shi ne tsakanin girbi da hasara. Domin ka gane, yi wannan gwaji. Ɗebo ruwan gulbi a kwalba lokacin cika, ka girgiza, ka ajiye. Nan da nan yashi zai kwanta a ƙasa. Bayan sa'a guda laka mai laushi ta hau kansa. Yumɓu kuwa sai ya kwana bai gama kwantawa ba.

Abin da ya faru a kwalba shi ke faruwa a fadama. Da gulbi ya tumbatsa ya fita daga hanyarsa, ƙarfinsa ya kan ragu, sai ya fara sauke kaya mai nauyi, watau yashi, nan bakin gaɓa. Shi ya sa sau da yawa bakin gulbi ya fi bayansa tudu. Laka ta kan wuce gaba kaɗan, ita ce takin da gulbi ke kawo maka kyauta ko wace shekara. Yumɓu kuwa sai can cikin ƙwarya, inda ruwa ke daɗewa. Saboda haka wurin da ya fi zurfi a fadama ya kan kasance nesa da gulbi, wani lokaci ma dab da gindin tudu.

Gulbi kuma ba ya tafiya sak, lanƙwasa ya ke yi kamar maciji. A ko wace lanƙwasa ruwa yana cin gaɓar waje, yana zuba yashi a ta ciki. Shekara da shekaru lanƙwasa ta kan tsananta, har ranar wata babbar cika ruwa ya yanke ya bi gajeriyar hanya, ya bar tsohuwar hanyarsa ta zama tafki. Yawancin tafkunan nan masu siffar lauje tsofaffin hanyoyin gulbi ne, ranar da ya yi fushi kuwa ya kan tuna da su.

Ko wane mataki da abin da ya dace da shi. Jigawa ta gero ce da wake da gyaɗa. Gefen fadama, inda laima ke daɗewa amma ruwa ba ya kwanciya, na dawa ne da rogo da dankali. Inda ruwa ke kwanciya kaɗan, na shinkafa mai gajeren kara ne. Ƙwarya mai zurfi kuwa ta shinkafar gargajiya ce, wadda a kwarin Kwara aka fara nomanta tun shekaru dubbai. Ita ta kan yi ta ƙara tsawo tana bin ruwa in yana hawa a hankali, amma in ya hau farat ɗaya ita ma ya kan shanye ta.

Kifi ma da cika ya ke rayuwa. In ruwa ya bazu cikin ciyawar fadama, nan giwan ruwa da tarwaɗa da ƙarfasa ke hayayyafa, in ya janye su taru a gurabe da tafkuna. Kabawa sun san wannan, shi ya sa Sarkin Ruwa ke hana su a Matan Fada sai lokacinsa ya yi. Bikin kamun kifin Argungu, wanda ya samo asalin shahararsa daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya abin kiyayewa a 2016, ɗan fadama ne. In ba cika, ba kifi.

MADATSAN RUWA

A zamanin kakanninmu damina kaɗai ke juya gulbi. Yanzu hannun mutum ya shiga. A 1968 aka gama madatsar Kainji a kan Kwara. A 1978 aka gama ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, mai ɗaukar lita biliyan 450. A 1984 aka gama ta Goronyo a kan Rima, wadda aka gina domin ta ɗauki lita biliyan 942.

Madatsa tana da amfani: tana tara ruwan damina, ta sake shi da rani domin sha da ban ruwa. Amma ta sāke halin gulbi. Bayan an datse Bakolori, cikar da manoman ƙasa da ita suka saba da ita ta ragu, filin shinkafa ya ragu a ƙauyuka da yawa, kifi ma ya ragu. Laka kuma a bayan madatsa ta ke kwanciya, ba ta isowa gona kamar da. Haka ya faru a Masar bayan an gama babbar madatsar Aswan a kan Kogin Nilu a 1970: lakar da ta ciyad da gonakinsu tun zamanin Fir'auna ta daina zuwa, suka koma ga takin zamani.

Babban haɗari kuwa shi ne mutane su sakankance. In an yi shekaru ruwa bai kai wani wuri ba, sai a fara gina gida da rumbu a inda kakanni suka ƙi. Madatsa kuwa tulu ce, in ta cika dole ta zubar. A watan Satumba na 2010 ruwa ya fi ƙarfin Goronyo, ya cinye ƙauyuka da gonaki, ya yanke gadar da ke kai wa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ya gangaro har ƙasar Kabi. A 2020 kuma ambaliya ta halaka gonakin shinkafa masu yawan gaske a Jihar Kebbi, ana gab da girbi. Fadama ɗakin gulbi ce, mu aro mu ke yi. Ko ya yi shekara goma bai leƙo ba, ɗakin nasa ne.

ABIN DA AKA YI A TUDU, A FADAMA A KE GANINSA

Wataƙila mai gonar jigawa ya ce wannan magana ba tasa ba ce. Tasa ce ƙwarai. In an sare sabara da kalgo, an tumɓuke gamba, an ƙone karmami, ƙasa ta kan zauna tsirara. Ruwan fari in ya sauka da ƙarfi ba abin da zai tare shi, sai ya kwashe ƙasar sama mai albarka, ya bar fako. 'Yar hanyar ruwa da yaro ke tsallakewa bana, baɗi ta zama kwazazzabon da jaki ba ya ƙetarewa. Yashin da ya fito daga nan ya kan gangara ya binne lakar fadama, ya cike tafki, ya toshe hanyar gulbi. Gulbin da yashi ya cika cikinsa kuwa, ruwa kaɗan ya isa ya tumbatsad da shi. Ka ga hasara uku ke nan: mai tudu ya rasa ƙasarsa, mai fadama ya rasa gonarsa, rijiya ta rasa ruwan da ya kamata ya nutse.

SHAWARWARI

Ga abin da mu ke roƙon ko wane manomi da ko wane mai gari ya yi.

1. Ku nemi alamar cika mafi girma. Dattawa sun san inda ruwa ya tsaya a 2010 da 2020, a gindin wace giginya ko wace kuka. Mai gari ya sa a kafa dutse ko turke a wurin. Kada a gina ɗaki ko rumbu ƙasa da wannan alama.

2. Ku kafa sanda mai ƙwari a bakin gulbi, a yi mata tsaga taƙi-taƙi. Daga farkon Agusta a sa mutum guda ya duba ta safe da yamma, a rubuta a littafi. Bayan shekara kaɗan littafin nan zai gaya muku halin ruwanku fiye da ko wane baƙo.

3. Masu gari su ƙulla zumunci da takwarorinsu na sama da su. Na Augie ya sanad da na Argungu, na Argungu ya sanad da na Birnin Kebbi, shi kuma ya sanad da na Bunza. Waya ta fi ruwa sauri. A kuma kasa kunne ga sanarwar hukumar NiMet mai duba yanayi, da ta NIHSA mai ba da hasashen ambaliya ko wace shekara, da ta hukumar kogunan Sakkwato da Rima mai kula da madatsai. In an ce za a saki ruwa, a yi shela a ranar, kada a bari sai gobe.

4. Kada ka zuba irinka duka a mataki ɗaya. Raba shi, wani a tudu, wani a gefe, wani a ƙwarya. Shekarar fari ƙwarya ta cece ka, shekarar ambaliya tudu ya cece ka.

5. Zaɓi iri gwargwadon zurfin wuri. Shinkafa mai gajeren kara, irin su FARO 44, ba ta jure nutsewa na kwanaki da yawa. FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka fitar a 2017, su kan jure wajen mako biyu a ƙarƙashin ruwa. Ka yi shawara da malamin gona, kada kuma ka yar da irin gargajiya na ƙwarya.

6. A gonar gangare ka yi kunya a gicciye, kada ta bi gangaren, domin ko wace kunya ta zama 'yar madatsa. Ka bar gawo da sauran itatuwa masu amfani su tsaya a gona. Ka dasa gamba a kan iyaka.

7. Kwazazzabo tun yana ƙarami a ke kashe shi. A jera duwatsu da ƙirare a gicciye tun daga kansa, a dasa ciyawa a bayansu. Wannan aikin gayya ne, mai gari shi ya kamata ya kira shi kafin ruwan fari.

8. Kada a nome gaɓar gulbi har baki, balle ta wajen lanƙwasa inda ruwa ke ci. A bar jema da sauran ciyawa su riƙe ta. Hanyoyin da ruwa ke bi ya shiga tafki ya fita kuma, kada wani ya toshe su domin amfanin gonarsa shi kaɗai, gama ruwan da ka tare a nan gonar maƙwabcinka zai faɗa.

Ya ku masu gari, Allah ya ja zamaninku, yawancin waɗannan abubuwa ba mai iya yinsu shi kaɗai. Talaka yana iya gyara kunyarsa, amma hana gini a hanyar ruwa, da kiran gayya, da aika labari gari zuwa gari, a hannunku su ke. Rigakafi kuwa ya fi magani.

Kai kuma mai karatu, in ka gama wannan takarda kada ka naɗe ta ka sa a aljihu. Karanta wa maƙwabcinka wanda bai iya boko ba. Sa'an nan ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, da ya ɗauke ka fita gonarka, ka bi sawun ruwa da ƙafarka, ka ga inda ya shigo, da inda ya tsaya, da inda ya fita, da abin da ya ɗauka ya tafi da shi. Gani ya kori ji.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Haza wasalam.